Bayan An Dawo Daga Gidan Gyaran Hali, Sai Me? Abin Da Gwarzo Da Kabo Za Su Iya Ara Daga Tsarin DBT

Akwai wata magana da kusan kowace unguwa ta saba ji a Gwarzo da Kabo: "Ai wane ya koma ruwa." An kai yaro inda za a raba shi da ƙwaya, an sayar da tunkiya ko buhunan masara an biya kuɗi, ya yi wata uku ko shida, ya dawo ya yi ƙiba, fata ta yi kyau, 'yan'uwa suna ta barka. Kafin damina ta zagayo, sai ga shi a bayan tasha ido ya yi ja, harshe ya karye. Daga nan kowa ya yanke hukunci: yaron nan ba ya jin magana, ba zai shiryu ba.

Ni dai a ganina hukuncin nan ya yi gaggawa. Mun iya raba mutum da ƙwaya na ɗan lokaci, wannan kam mun iya. Abin da ba mu koya masa ba shi ne yadda zai yi da kansa a ranar da baƙin ciki ya taso masa, ko kunya ta rufe shi, ko abokinsa ya miƙo masa, alhali babu katanga babu mai gadi. Akwai wani tsarin magani da aka gina shi kacokan a kan wannan giɓin, ana kiransa DBT a taƙaice, kuma ya kamata mu matasa mu san shi, don mu san abin da za mu nema daga hukumomi da abin da za mu iya yi da kanmu.

Girman abin da muke fuskanta

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun gudanar da babban bincike a Najeriya, aka fitar da sakamakonsa a farkon 2019. Sun gano cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin 100. A jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin 100, sama da mutum miliyan ɗaya. Wiwi ce a kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramol da mutum miliyan 4.6, sai maganin tari mai kodin da mutum miliyan 2.4. Ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu sha mace ce. Sannan ɗaya cikin biyar abin ya riga ya zame masa cuta, ba sha'awa ba.

Gwamnati ta yi abin da ta saba. A watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken BBC kan kodin, Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Hukumar NDLEA a ƙarƙashin Buba Marwa tun 2021 tana ta kama kaya. Amma kasuwar ba ta mutu ba, kaya kawai ta sauya. A watan Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya sake nuna yadda ake haɗa wasu sababbin ƙwayoyi a Indiya ana turo su Afirka ta Yamma, har gwamnatin Indiya ta hana haɗa su. Ma'ana, ka toshe wannan ƙofa, wata ta buɗe. Muddin mai nema yana nan, mai kawowa ba zai rasa hanya ba.

Kuma kada a ɗauka matsalar birni ce kawai. Titin da ya taso daga Kano ya ratsa Rimin Gado da yankin Kabo ya bi ta Gwarzo zuwa Dayi a jihar Katsina, ba mutane da hatsi kaɗai yake ɗauka ba. A karkara ma da yawa ba don nishaɗi suka fara ba. Mai ƙwadago a gona ya sha don ya yi aikin mutum biyu, ɗan acaɓa ya sha don kada ya ji gajiya, ɗalibi ya sha don ya manta ya faɗi jarabawa, matar aure ta sha don barci ya ɗauke ta. Kowa da ramin da yake cikewa.

Maganin da muka saba

Idan abin ya yi tsanani, iyaye suna da hanyoyi kaɗan. Ko duka, ko kora daga gida, ko a ɗaura masa aure a ce zai natsu, ko a kai shi a kulle. Mun ga inda kullewa ta kai mu. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka sake ganin irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, rasa yadda za su yi suka yi.

Akwai wuraren hukuma, kamar asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da cibiyar gyaran hali ta Kiru. Suna aiki, kuma zuwa can ya fi zama a gida nesa ba kusa ba. Sai dai ƙwararru sun taru a birni. Daga Gwarzo zuwa Kano kimanin kilomita 70 ne; wanda ke Getso ko Kutama ko Garo, ya lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa duk mako a tsadar man nan, ya gani ko zai jure. Ga shi likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Don haka ko an sallami mutum lafiya, yana dawowa gida ne shi kaɗai, ga majalisarsa ta da, ga dillalinsa, ga kuma damuwar da ta sa ya fara tun farko tana jiransa a bakin ƙofa. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

To mene ne DBT?

Wata masaniyar halayyar ɗan'adam ce a Jami'ar Washington da ke Amurka, Marsha Linehan, ta tsara shi tun daga ƙarshen shekarun 1970. Marasa lafiyarta mutane ne da zuciyarsu ke tafasa fiye da kima, masu yawan yanka jikinsu ko yunƙurin kashe kansu. Ta lura da wani abu: idan ta matsa musu da "dole ku canza", sai su ji ana zarginsu, su gudu. Idan kuma ta tsaya a "na fahimce ku, ku yi haƙuri", sai su ji daɗi amma rayuwarsu ba ta gyaru ba. Sai ta haɗa biyun wuri guda. Asalin sunan tsarin ma abin da yake nufi ke nan: riƙe gaskiya biyu masu kama da kishiyoyi a lokaci ɗaya. Gaskiya ta farko, halin da kake ciki yana da dalili, kuma kana iya ƙoƙarinka. Gaskiya ta biyu, duk da haka dole ka ƙara ƙoƙari ka canza, don hanyar nan kashe ka za ta yi.

A 2011 Linehan ta fito ta bayyana wa duniya cewa ita kanta tana 'yar shekara 17 an kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa sama da shekara biyu saboda irin wannan ciwon. Wato ba daga littafi kawai ta san abin ba.

Cikakken tsarin yana da ƙafafu huɗu: ganawa da mai ba da shawara sau ɗaya a mako, ajin koyon dabaru na rukuni shi ma duk mako, damar kiran waya idan abu ya taso tsakanin ganawa, sannan su kansu masu ba da shawarar suna zama tare don kada su gaji su yi watsi da mutum. Yawanci ana yin wata shida zuwa shekara guda.

Dabaru huɗu, da misalin gida

Mu ɗauki misali. A ce matashi ne ɗan shekara 22, ya yi wata biyu bai sha tiramol ba. Da safe mahaifinsa ya ce masa a gaban ƙannensa, "Kai dai ba ka da amfani." Bai karya ba ya fita. A hanya ya buɗe waya ya ga abokin karatunsa ya ɗora hoton sabuwar mota. Da la'asar ya bi ta gaban shagon da ya saba. Da magariba ya sha. Mu a wajenmu labarin gajere ne: ya koma ruwa. A DBT kuwa ana zama da shi a bi abin ɗaya bayan ɗaya kamar sarƙa: me ya faru, me ka ji a jikinka, me ka ce wa kanka, a ina ne da ka yi wani abu daban sarƙar za ta tsinke? Ba don a kunyata shi ba, don a nemo inda za a sa dabara.

Dabara ta farko ita ce natsuwa da lura. Mutum ya koyi kallon abin da ke faruwa a cikinsa ya kira shi da sunansa: "Wannan kunya ce nake ji. Wannan ƙishirwar ƙwaya ce ta taso." Ƙishirwar nan tana hawa ne ta kai ƙololuwa sannan ta sauka, ko ba a sha ba. Wanda bai taɓa tsayawa ya ga saukarta ba yana ɗauka ba ta da ƙarshe sai an biya mata.

Ta biyu ita ce jure raɗaɗi ba tare da an ƙara ɓata al'amari ba. Nan akwai abubuwa masu sauƙi da ke aiki a jiki kai tsaye. Tsoma fuska a ruwan sanyi na 'yan daƙiƙoƙi yana rage bugun zuciya, sai dai mai ciwon zuciya ya tambayi likita tukuna. Gudu ko wani motsa jiki mai ƙarfi na ɗan lokaci yana ƙone tafasar. Numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, yana kwantar da jiki. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Tun muna yara malamai ke koya mana cewa wanda ya fusata ya yi alwala, idan a tsaye yake ya zauna. Bambancin shi ne a DBT ana maimaita su a aji har su zama jiki, kamar yadda ɗan ƙwallo ke atisaye kafin ranar wasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta uku ita ce sarrafa motsin zuciya. Yunwa, rashin barci da ciwon da ba a yi magani ba suna raunana mutum, shi ya sa rashin karyawar matashin nan yana cikin sarƙar. Akwai kuma dabarar yin kishiyar abin da zuciya ke umarni idan umarnin nata cutarwa ne: kunya ta ce ka ɓuya a ɗaki, kai kuma ka fita ka je wajen mutumin da ka amince da shi.

Ta huɗu ita ce iya mu'amala da mutane. Yadda za ka ce wa abokin da kuka tashi tare "a'a" ba tare da faɗa ba kuma ba tare da ka karaya ba. Yadda za ka ce wa mahaifinka, cikin ladabi, "Baba, maganar nan a gaban yara tana karya min gwiwa." Da yawa daga cikinmu, har waɗanda ba su taɓa shan komai ba, ba mu iya wannan ba.

Faɗuwa ba ita ce ƙarshen tafiya ba

Da aka juyo da DBT kan masu shaye-shaye, an ƙara wasu abubuwa. Babba a ciki shi ne yadda ake kallon komawa ruwa. Ana neman mutum ya ɗauki alkawarin dainawa gaba ɗaya, ba ragi, amma na tsawon lokacin da ya tabbata zai iya cikawa, ko da kwana ɗaya ne, gobe ya sabunta. A lokaci guda kuma ana shirya abin da za a yi idan ya zame: wa zai kira, ina zai je, yaya zai zubar da ragowar. Dalili shi ne abin da ya fi kashe mutane ba ƙwayar farko ba ce, tunanin da ke biyo bayanta ne: "Tunda na ɓata, bari in ƙarasa." Da wannan tunanin zamewar dare ɗaya ke zama shekara biyu.

Akwai haɗari na musamman a nan da ya kamata kowa ya sani. Wanda ya daɗe bai sha ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba. Idan ya koma ya sha irin na da, zai iya suma, ko farfaɗiya ta kama shi, ko numfashi ya tsaya. Don haka makonnin farko bayan dawowa gida su ne lokacin da ya fi buƙatar mutane kusa da shi, ba lokacin da za a ce an gama ba.

Ana kuma gargaɗi kan hankali iri biyu. Akwai hankalin maye, mai ƙarya da ɓoye-ɓoye da neman dalili. Akwai kuma hankalin "ai na warke", wanda ke sa mutum ya koma tsohuwar majalisa da kuɗi a aljihu yana cewa shi yanzu ya fi ƙarfin abin. Wanda ake nema yana tsakiya: ba na sha, amma na san zan iya zamewa, don haka ina tsaron kaina. A aikace wannan na nufin goge lambar dillali, fita daga wancan zauren WhatsApp, sauya hanyar da ake bi zuwa kasuwa, da faɗa wa mutane a fili cewa an daina. Sannan a cike gurbin da wani abu, sana'a ko ƙwallo ko makarantar dare, don gurbin da aka bari fanko ƙwaya ce ke dawowa ta zauna.

Wani abin da ya burge ni: idan mara lafiya ya daina zuwa, ba a rufe fayil ɗinsa a ce ya ƙi. Masu kula da shi ne ke bin sawunsa su nemo shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Kada mu zuzuta shi fiye da kima

DBT ba tsafi ba ne. Gwajin farko da Linehan ta wallafa kan masu shaye-shaye a 1999 mata 28 ne kawai a ciki, na 2002 kuma mata 23 masu shan hodar heroin, dukkansu a Amurka, kuma dukkansu suna da waccan matsalar ta tafasar zuciya. A gwajin 1999 waɗanda aka yi wa DBT sun fi rage sha kuma sun fi tsayawa a magani. Ma'ana, ya fi amfani ga wanda shansa ke tafiya tare da fushi mai tsanani, ko cutar da kai, ko tunanin mutuwa. Wasu kuma wata hanyar mai sauƙi za ta ishe su.

Na biyu, ba ya maye gurbin asibiti. Wanda jikinsa ya saba da tiramol, ko rochi da sauran ƙwayoyin barci, kada ya yanke lokaci ɗaya a ɗaki shi kaɗai. Yanke ƙwayoyin barci farat ɗaya na iya jawo jijjiga mai haɗari. Likita ne ke tsara yadda za a sauka. Na uku, dabara ba ta ba mutum aikin yi. Matashin da ya koyi numfashi amma ya wayi gari ba ko sisi, an sauƙaƙa masa ne kawai, ba a gama ba.

Abin da zai yiwu a Gwarzo da Kabo

Cikakken DBT yana da tsada, yana son ƙwararru. Amma ajin dabarun, wanda shi ne zuciyar abin, ana iya koyar da shi a rukuni, kuma ba sai likita ba idan akwai horo da sa ido. An ga misalin irin wannan a Zimbabuwe, inda likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraron masu damuwa da wata hanyar shawara mai sauƙi, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna ta yi aiki. Ba DBT ba ne, amma darasin ɗaya ne: idan ƙwararru sun yi kaɗan, a raba aikin.

Najeriya tana da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta ba mara lafiya haƙƙin a kula da shi da mutunci. Gwarzo da Kabo mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, ga 'yan majalisar jiha, ga shugabannin ƙananan hukumomi biyu. Abin da ya kamata mu tambaye su ba mai yawa ba ne. A horar da wasu ma'aikatan jinya da na lafiya matakin farko a kan waɗannan dabaru, ƙarƙashin kulawar ƙwararrun Dawanau ko Asibitin Aminu Kano. A ware ɗaki ɗaya a Babban Asibitin Gwarzo da wani a Kabo don ajin mako-mako, na maza daban na mata daban, saboda mace ba za ta zo inda za a nuna ta da yatsa ba. A fassara darussan zuwa Hausa, har da sauti don wanda ba ya karatu. Duk wanda aka sallamo daga Kiru ko Dawanau a haɗa shi da wannan aji kafin ya iso gida. A kuma yi wa iyaye nasu zaman, don su ma suna buƙatar koyon yadda za su ce "muna tare da kai" da "ba za mu ba ka kuɗin ƙwaya ba" a numfashi ɗaya. Kuɗin wannan bai kai na rabon babura a kakar zaɓe ba.

Namu kason, mu 'yan waya

Dan Allah mu duba abin da muke yi da wayoyinmu. A ga yaro ya yi mankas a kwata, maimakon a ɗaga shi sai a ɗaga kyamara, a ɗora a TikTok da waƙa, a yi ta dariya a sharhi. Bidiyon nan ba ya gogewa. Ranar da ya yi niyyar shiryuwa zai tarar duk garin sun riga sun sa masa suna, kuma kunya tana daga cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutum ruwa. Ba cewa nake a yabi shaye-shaye ba, ko a ƙyale mai ƙwacen waya don yana sha. Wanda ya yi laifi doka ta hau kansa. Amma akwai bambanci tsakanin hukunci da tozarci.

Idan kana da aboki ko ƙani, ko kina da ƙawa da ke ciki, gwada gaskiya biyun nan. Ka ce masa ka san abin da yake ɗauke da shi ba ƙarami ba ne, sannan ka ce masa hanyar nan ba za ta ɓulle ba, kuma za ka raka shi asibiti. Idan ya zame bayan ya daina, tambayar farko kada ta zama "ba na faɗa ba?", ta zama "me ya faru kafin ka sha?" Idan ya ambaci kashe kansa, kada a ɗauka wasa ne, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. NDLEA ma tana da layin neman shawara kyauta, 0800 1020 3040, dare da rana, kuma ba sai ka faɗi sunanka ba.

Wanda kuma yake karanta wannan alhali shi ne a ciki: ba sai ka yi alkawarin shekara ba. Yi na yau, ka goge lambar nan, ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi kafin dare ya yi.